BORIN JINI MAI DAƊEWA: YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE MAGANINSA

Jawabin wayar da kan jama'a game da kiwon lafiya



Jawabin yau ya shafi wata cuta ce ta fata wadda kusan kowane gida a ƙasar nan ya san sunanta, amma kaɗan ne suka san haƙiƙaninta, watau borin jini. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 5 akwai 1 da zai gamu da borin jini, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Ga mafi yawan mutane abin yakan zo ya wuce cikin 'yan kwanaki, a manta da shi. Amma akwai waɗanda nasu ba ya tafiya. Yau ya kwanta, gobe ya taso, har a yi watanni, wani lokaci ma shekaru. Irin wannan shi ake kira borin jini mai daɗewa, kuma ana ƙiyasta cewa yana damun wajen mutum 1 cikin 100. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, ya kuma fi yawa tsakanin masu shekara 20 zuwa 40, watau mutanen da ke tsakiyar ƙarfinsu na neman abinci da renon iyali.

Ko da yake ba cuta ce mai kisa ba a galibi, wahalar da take jawowa ba ƙarama ba ce. Tana hana barci, tana hana aiki, tana sa mutum jin kunyar shiga jama'a. Daɗin daɗawa, mutane da yawa sun ƙarar da dukiyarsu wajen neman dalilin cutar, waɗansu sun haramta wa kansu abinci mai gina jiki har sun rame, waɗansu kuwa sun jawo wa kansu ciwon da ya fi borin jinin muni ta hanyar shan ƙwayoyi ba da izinin likita ba. Saboda haka ya zama wajibi jama'a su fahimci abin da ilimin likitanci ya tabbatar a kan wannan cuta.

KAMANNIN BORIN JINI

Borin jini yana fitowa ne kamar ƙuraje masu faɗi, fata ta tashi ta yi rudu-rudu, sai ka ce an zane mutum da bulala ko sauro ya yi masa taron dangi. Waɗansu ƙurajen ƙanana ne kamar ƙwayar wake, waɗansu kuwa sukan haɗe su kai faɗin tafin hannu. Ƙaiƙayi ne babbar alamarsu, ya kuma fi tsanani da maraice da cikin dare. A jikin mai hasken fata sukan yi ja, amma a jikin baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, tudun kurum ake gani, ko a ji shi da hannu.

Akwai wata alama guda wadda ta bambanta borin jini da sauran cututtukan fata, kuma ya kamata kowa ya riƙe ta. Kowane ƙurji ɗaya ba ya wuce awa 24 a wuri guda. Yakan ɓace ya bar fata sumul, ba tabo, ba ɓawo, ba ruwa, sa'an nan wani sabo ya fito a wani wuri dabam. Wanda ya fito a cinya da safe, kafin la'asar ya ɓace, sai ga wani a baya ko a wuya.

Wajen mutum 4 cikin 10 na masu borin jini mai daɗewa suna samun wani irin kumburi mai zurfi a ƙarƙashin fata, galibi a leɓe, da fatar ido, da hannu, da ƙafa, ko al'aura. Shi wannan kumburi ya fi zafi da ɗaurewa bisa ga ƙaiƙayi, kuma yakan kai kwana 3 kafin ya saɓe.

Iyakar da likitoci suka sa tsakanin borin jini na ɗan lokaci da mai daɗewa ita ce mako 6. In mutum ya yi fiye da mako 6 abin yana taso masa kullum ko kusan kullum, to nasa ya shiga sahun mai daɗewa.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN FATA

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana kiransu ƙwayoyin mast. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Paul Ehrlich, shi ya fara bayyana su a shekarar 1878. Aikinsu kamar na masu gadi ne. Kowace ɗaya tana ɗauke da sinadarai a cikinta, in ta ji alamar abokin gaba ya shigo jiki sai ta zubar da su. Mafi muhimmanci cikin sinadaran nan shi ne histamin, wanda Henry Dale da abokin aikinsa Patrick Laidlaw suka bayyana yadda yake aiki a jiki a ƙasar Ingila cikin 1910.

Sa'ad da histamin ya zuba cikin fata, ƙananan jijiyoyin jini sukan buɗe, ruwa ya tsattsafo daga cikinsu ya taru, wurin ya tashi. Har wa yau histamin yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake jin ƙaiƙayi. Bayan 'yan awoyi jiki yakan shanye ruwan, fata ta koma yadda take. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurajen ke zuwa suna tafiya ba tare da barin tabo ba.

A borin jini na ɗan lokaci, sau da yawa akan gano abin da ya tayar da masu gadin nan, kamar mura ko wani zazzaɓi, ko magani irin su fenisilin, ko harbin zuma, ko wani abinci kamar gyaɗa, ƙwai, kifi ko jatan lande. In abinci ne, ƙurajen sukan fito cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan an ci, kuma duk lokacin da aka sake ci sai sun sake fitowa.

ME KE SA SHI DAƊEWA?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton tun da abinci na iya kawo borin jini na kwana biyu, lalle abinci ne ke kawo na shekara biyu. Binciken likitoci ya nuna da wuya ƙwarai a sami borin jini mai daɗewa wanda abinci ne asalinsa. A mafi yawan masu fama da shi, abin da ke tayar da ƙwayoyin mast yana cikin jikin mutum ne. A shekarar 1993 waɗansu likitoci a birnin Landan suka nuna cewa a jinin wani kashi na masu cutar akwai sinadaran garkuwar jiki waɗanda suka ɓata hanya, maimakon su yaƙi cuta sai suka koma suna tsokanar ƙwayoyin mast na mai su. Kamar mai gadi ne da ke busa usur tsakar dare alhali babu ɓarawo. Saboda wannan ne ake yawan samun borin jini mai daɗewa tare da ciwon halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, domin ita ma garkuwar jiki takan juya mata baya.

Borin jini mai daɗewa iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa, shi ne mai tasowa da kansa, ba tare da wani abu na waje ya taɓa mutum ba. Na biyu shi ne wanda wani abu sananne ke tayarwa duk lokacin da ya sami fata. Akwai wanda in an ja farce ko tsinke a fatarsa sai layin ya tashi ɓaro-ɓaro, har ana iya rubuta suna a bayansa. Akwai wanda sanyi ke tayar wa, kamar iskar hunturu ko ruwan sanyi. Akwai wanda zufa ke tayar wa, in ya yi gudu, ko noma, ko ya ci abinci mai yaji, sai ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su feso masa. Akwai wanda dannewa ke tayar wa, wurin ɗaurin zane, ko mazagin wando, ko kafaɗar da ta ɗauki kaya, kuma irin wannan yakan jinkirta awoyi kafin ya fito. Akwai kuma na hasken rana da na taɓa ruwa, amma su ba su da yawa. Mutum ɗaya yana iya haɗa iri biyu.

Sunan da Hausawa suka ba cutar ya sa waɗansu suna zaton jininsu ne ya ɓaci, har su je a yi musu ƙaho ko tsaga don a fitar da mugun jini. Wannan ba ya warkar da ita, sai dai ya ƙara wa mutum rauni, in kuma askar ba mai tsabta ba ce ya ɗauki wata cutar. Haka nan borin jini ba kuturta ba ne, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai shi, a kwana ɗaki ɗaya, a yi musafaha, ba abin da zai sami kowa.

ABUBUWAN DA KE TSANANTA SHI

Ko da yake asalin cutar daga ciki yake, akwai abubuwan da ke ƙara rura ta. Na gaba cikinsu su ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da ibufurofen, da diklofenak, waɗanda mutane ke saya a kemis su sha bayan sun tashi daga aiki. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu borin jini mai daɗewa, cutarsu takan tsananta in sun sha waɗannan. Farasitamol ya fi dacewa da su. Amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda ciwon zuciya, kada ya daina da kansa sai ya koma ya yi shawara da likitan.

Sauran abubuwan su ne zafin rana, da wanka da ruwa mai zafi ƙwarai, da matsattsun tufafi, da barasa, da rashin barci, da damuwa, da kamuwa da wani ciwo kamar mura. Waɗansu matan sukan lura nasu ya fi tashi gab da jinin al'ada. A yankunan da tsutsar ciki ta yi yawa, ita ma takan zama dalili ga waɗansu, shi ya sa likita kan nemi a auna bayan gida.

YADDA LIKITA KE GANE SHI

Babu wani awo guda da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje wanda zai ce wannan borin jini ne. Babban abin da likita ke dogara da shi shi ne labarin da majiyyaci ya ba shi, da abin da ya gani da idonsa. Zai tambayi yaushe abin ya fara, awa nawa ƙurji ɗaya ke yi kafin ya ɓace, ko yana barin tabo, ko leɓe ko ido na kumbura, waɗanne magunguna ake sha, na asibiti da na gargajiya, wane irin aiki ake yi, ko akwai zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi. Wajibi ne a faɗa masa gaskiya duka, har da ƙwayoyin da aka saya a kasuwa.

Sau da yawa kafin mutum ya isa asibiti ƙurajen sun kwanta, likita ya duba bai ga kome ba. Saboda haka ana shawartar mai cutar ya yi abu uku kafin ranar ganin likita. Na ɗaya, ya ɗauki hoton ƙurajen da wayar hannu lokacin da suka taso, a wuri mai haske. Na biyu, ya sa biro ya zagaye ƙurji ɗaya, ya duba agogo, washegari war haka ya duba ko yana nan cikin da'irar. Na uku, ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta halin da yake ciki kowace rana.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi na wannan rubutu. Kowace rana ana ba ƙuraje maki: 0 in babu, 1 in ba su kai 20 ba, 2 in suna tsakanin 20 da 50, 3 in sun wuce 50. Ƙaiƙayi ma ana ba shi maki: 0 in babu, 1 in kaɗan ne, 2 in yana damun mutum amma bai hana shi aiki ko barci ba, 3 in ya hana. Ana haɗa makin kwana 7, mafi yawansa 42. Da wannan lissafi ne likita zai san tsananin cutar, ya kuma san ko maganin da ya bayar yana aiki.

Awon jinin da ake bukata a farko kaɗan ne: ƙidayar ƙwayoyin jini, da awon da ke nuna ko akwai kumburi a cikin jiki. In labarin majiyyaci ya nuna wata hanya, likita na iya ƙara awon bayan gida, ko na halittar maƙoƙo. In ana zaton irin wanda abu na waje ke tayarwa ne, gwajinsa a ɗakin likita ake yi, alal misali a ja wani abu marar kaifi a fatar baya, ko a ɗora ƙanƙara cikin leda a hannu na minti 5 a ga abin da zai biyo baya. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin fata da na ƙasashen duniya suka amince da su, waɗanda aka buga a 2022, sun hana a riƙa yi wa kowane majiyyaci dogon jerin gwaje-gwaje masu tsada don neman abincin da jikinsa ba ya so. Wanda likita ya ce masa awonsa lafiya lau, kada ya ɗauka likitan bai iya aiki ba. Haka sakamakon yake fitowa ga mafi yawan masu cutar.

CUTUTTUKAN DA AKE RIKITA SU DA SHI

Ba kowane ƙaiƙayi ne borin jini ba. Ƙazuwa tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu, ƙurajenta suna zama wuri ɗaya, kuma tana bin mutanen gida. Ƙurajen zafi ƙanana ne, suna daɗewa kwanaki. Cizon kuɗin cizo yakan jeru a layi, ya bar baƙin tabo. Ƙaiƙayin da kulorokwin ke sa wa baƙar fata da yawa ba ya zuwa da ƙuraje, haka nan ƙaiƙayin da waɗansu ke ji bayan wanka. Mazauna bakin manyan rafuka masu gudu, inda ƙudan da ke kawo makanta yake, su ma suna fama da ƙaiƙayi mai tsanani wanda maganinsa dabam ne.

In ƙurji ɗaya ya wuce awa 24 bai ɓace ba, yana zafi ko raɗaɗi, ya kuma bar tabo kamar na duka, musamman in akwai zazzaɓi, ko ciwon gaɓoɓi, ko rama, to mai yiwuwa ciwon jijiyoyin jini ne, likitan fata zai ɗebi ɗan ƙaramin yanki na fatar a duba. Haka kuma wanda leɓensa ko harshensa ke kumbura ba tare da ƙuraje ba, in yana shan maganin hawan jini irin su lisinofiril ko enalafiril, ya gaggauta sanar da likita, domin waɗannan magunguna suna kawo irin wannan kumburi, kuma an tabbatar ya fi samun baƙar fata.

MAGANI MATAKI-MATAKI

Manufar magani ita ce a danne cutar sarai, ba ƙurji ba ƙaiƙayi, har zuwa ranar da za ta tafi da kanta. Tana kuwa tafiya. Ga mafi yawan mutane takan ƙare cikin shekara 1 zuwa 5, ko da yake akwai waɗanda tasu ke wuce haka, akwai kuma waɗanda takan dawo musu bayan shekaru.

Matakin farko shi ne maganin da ke tare histamin, watau antihistamin. Daniel Bovet da abokan aikinsa ne suka gano na farko a Cibiyar Pasteur ta ƙasar Faransa cikin 1937. Tsofaffin irin wannan magani, kamar Piriton da Phenergan, suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su sa gyangyaɗi, kuma mayensu yakan kai har washegari. Wannan haɗari ne ga direba, da ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da magini a kan tsani, da ɗalibi a aji. Tun daga shekarun 1980 aka fito da sababbi waɗanda ba su cika sa barci ba, irin su setirizin da loratadin, daga baya kuma feksofenadin. Waɗannan su ne likitoci suka zaɓa a yau. Abin da aka saba ba babba shi ne miligiram 10 na setirizin ko na loratadin, ko miligiram 180 na feksofenadin, sau ɗaya a rana.

Muhimmin abu a nan shi ne a sha maganin kullum, ko ƙuraje sun fito ko ba su fito ba. Mutane da yawa sai abin ya taso suke haɗiyar ƙwaya, da ya kwanta su ajiye, sa'an nan su ce maganin ba ya aiki. Aikin ƙwayar shi ne ta riga histamin isa wurin, kamar yadda ake toshe ɓarakar rufi tun kafin ruwa ya sauko. Jiki ba ya sabawa da sababbin magungunan nan har su daina aiki, kuma an daɗe ana shan su shekara da shekaru ba tare da wata babbar illa ba.

Mataki na biyu, in an yi mako 2 zuwa 4 ana sha kullum ba a sami sauƙi sosai ba, likita yana da ikon ƙara yawan ƙwayar har zuwa ninki 4. Likita kaɗai ke yanke wannan, bayan ya duba shekarun mutum da lafiyar ƙodarsa da hantarsa. Ba a yin wannan ƙari da tsofaffin magunguna masu sa barci, kuma ba a haɗa iri-iri a sha gaba ɗaya.

Mataki na uku na hannun ƙwararrun likitoci ne. Akwai allura mai suna omalizumab, wadda hukumomin magani na Amurka da na Tarayyar Turai suka amince da ita don wannan cuta a 2014. Ana yin miligiram 300 a ƙarƙashin fata kowane mako 4. Tana taimakon mutane da yawa waɗanda ƙwaya ta gaza musu, sai dai tana da tsada ƙwarai. In ita ma ta gaza, ko ba a same ta ba, akwai siklosforin, mai rage kaifin garkuwar jiki, wanda tilas ne a riƙa auna hawan jini da ƙodar mai shansa a kai a kai. A 2025 hukumar magani ta Amurka ta ƙara amincewa da waɗansu sababbi biyu, allurar dufilumab da ƙwayar remiburutinib. Ana samun likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Aminu Kano a Kano, da na Ibadan, da Legas, da Inugu. Hanyar zuwa wurinsu ita ce a fara da asibiti mafi kusa, a karɓi takardar turawa.

In cutar ta kwanta sarai na wani lokaci, likita zai riƙa rage maganin sannu a hankali, don a ga ko ta tafi. In ta motsa sai a koma inda aka tsaya.

Abin da mutum zai taimaki kansa da shi a gida shi ne sa tufafin auduga masu yalwa, da wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ko mai sanyi in ba sanyi ke tayar masa ba, da yanke farce, da samun isasshen barci. Shafa ruwan kalamin yana sanyaya fata na ɗan lokaci. Kada a bar ƙwai, da nama, da kifi, da madara, da wake, sai in likita ya tabbatar da wani abinci guda yana da hannu. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a kan yara da mata masu ciki da masu shayarwa. Su ma ana yi musu magani, galibi da loratadin ko setirizin, amma sai bisa umurnin likita, domin na yara gwargwadon shekaru da nauyi ake auna shi.

GARGAƊI GAME DA SITIROID

Akwai waɗansu ƙwayoyi da allurai da ake kira sitiroid, irin su firedinisolon da deksametason. Suna kwantar da borin jini nan da nan, shi ya sa mutane ke ruɗuwa da su. Da an daina sha sai cutar ta dawo, wani lokaci fiye da da, mutum ya koma ya sake saya, a haka har ya yi watanni yana sha. Sakamakon wannan shi ne ciwon sukari, da hawan jini, da gyambon ciki, da yanar ido, da lalacewar ƙashi, da kumburin fuska, da raunin garkuwar jiki. Ga yaro kuwa har girma suna hanawa. Likita na iya ba da su in cutar ta yi tsanani ƙwarai, amma na 'yan kwanaki ne kurum, ba fiye da kwana 10 ba. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, domin yin haka na iya kayar da shi. Ya je asibiti a rage masa da tsari.

Man shafawa mai sitiroid ma ba ya maganin borin jini, sai dai ya sa fata ta yi laushi ta ɗashe ta tsattsage. Haka kuma a guji jiƙe-jiƙe da garin magani da ba a san abin da ke cikinsu ba. Duk maganin da za a saya, a saye shi a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, a kuma duba ranar da zai lalace.

ALAMUN HAƊARI

Borin jini mai daɗewa da wuya ya kai ga halaka. Duk da haka akwai alamun da in an gan su ba a jira gari ya waye: kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya farat ɗaya, wahalar haɗiya, numfashi da ƙyar ko da ƙara, jiri, ko suma. In ɗaya daga cikin waɗannan ya biyo bayan ƙuraje, musamman bayan allura, ko shan magani, ko harbin zuma, ko cin wani abinci, a ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa nan take, ko a kira lambar gaggawa 112. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce, ƙwaya ba ta isa. Wanda sanyi ke tayar wa da borin jini kuma, kada ya faɗa kogi ko tafki don iyo, domin sanyin da ya game jiki gaba ɗaya na iya sumar da shi cikin ruwa.

KIRA GA JAMA'A

Tun daga 2014 ake ware ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da masu fama da borin jini a duniya. Abin da suke bukata daga jama'a ba mai yawa ba ne. Miji ya yi haƙuri da matar da ta kwana tana susa, ya kai ta asibiti. Malami kada ya kori yaro daga aji saboda ƙurajen da ba a ɗauka. Shugaban ma'aikata ya ba ma'aikacinsa damar zuwa ganin likita. Masu kantin magani kuma su daina miƙa sitiroid ga duk wanda ya zo yana susa.

Shi kuwa mai cutar, abin da ake so ya riƙe shi ne: ya lura da awoyin da ƙurji ke yi, ya ɗauki hoto, ya je asibiti in abin ya wuce mako 6, ya sha maganinsa kullum, ya koma ranar da aka sa masa, ya ci abincinsa. Wanda ya bi wannan hanya, mafi yawan lokaci yana samun barcinsa da aikinsa yadda ya saba, har cutar ta gaji ta rabu da shi.

Lafiya uwar jiki. Jama'a, a huta lafiya.